Mako Guda a Littafin Awon Wani Tela: Shirin Tseren Dutsen Kamaru Daga Jos

Ranar da ya fara hawa duwatsun Shere da gudu, Tela ya dawo gida yana fara'a, har yana cewa ashe abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Kwana biyu bayan haka a zaune ya yi sallar Asuba. Cinyoyinsa sun ƙi lanƙwasuwa, tsugunnon alwala ya gagara sai da uwargidansa ta ajiye masa kujera a bakin rariya. Da ya isa shago ya ɗora ƙafa kan fedar keke, sai ya ji kamar ana zare masa jijiya. Yaron shago ne ya yi ɗinkin ranar. Da la'asar ya aiko a kira ni.

Tela nake ce masa, haka ma kowa a layinsu, don haka a nan ma Telan zan bar shi. Shekarunsa 36, yana da shago a cikin garin Jos, da mata da 'ya'ya huɗu. Ni kuwa malamin wasanni ne a wata makarantar sakandare, mun saba a hanyar Lamingo inda muke haɗuwa da sassafe. Ba sabon shiga ba ne. Shekara biyar ya yi yana gudu a kan kwalta, kuma ya taɓa kammala gudun yada-ƙanin-wani na Legas, kilomita 42, cikin awa huɗu da 'yan mintoci. Wannan nasarar ce ma ta ruɗe shi.

Abin da ya sa a gaba

Tseren Dutsen Kamaru, wanda ake kira Race of Hope, ana yin sa ne a garin Buea da ke Kudu maso Yammacin Kamaru, galibi a watan Fabrairu, kuma tun 1973 aka fara shi. Ana tashi daga filin wasa na Molyko, a ratsa gari a kan kwalta, a shiga kurmi, a fita wani fili mai ciyawa, daga nan kuma sai baƙin dutse da toka da tsakuwar da aman wuta ya bari, har ƙololuwa, wadda ta haura mita 4,000 daga doron teku. Sai a juyo. Zuwa da dawowa kusan kilomita 40 ne, kuma akwai bukkoki uku a hanya da 'yan tsere ke auna tafiyarsu da su. Zakarun maza kan kammala cikin kusan awa huɗu da rabi. A ɓangaren mata, Sarah Etonge ta lashe shi har sau bakwai, abin da ya sa ake mata kirari da sarauniyar dutsen.

Lissafin Tela ɗaya ne: arba'in bai kai arba'in da biyu ba, tunda ya gama na Legas, wannan ma zai gama. Na karɓi littafin awonsa, wanda yake rubuta ƙugu da kafaɗar kwastomomi, na buɗe shafin ƙarshe na rubuta masa wani lissafin. Hawan da ke cikin tseren ya haura mita 3,000, kuma duk abin da aka hau sai an sauko shi da ƙafa. Garin Jos yana kan kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma kusan 1,800. Ke nan ko daga tsakiyar gari ya tashi har ya taɓa saman Shere, mita 600 kawai ya hau. Sai ya yi haka sau biyar a rana ɗaya kafin ya kamo ƙafar abin da ke jiransa. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, "To Malam, ya za a yi?"

Kafin komai na ce sai ya je asibiti an auna masa jini an duba zuciya. Ya so ya yi gardama, sai na tuna masa da ɗan tseren Kenya, Charles Kipsang, wanda ya yanke jiki ya faɗi bayan ya kammala wannan tseren a 2024, kuma bai tashi ba. Ya je, aka ce lafiyarsa lau.

Mako 16 muka samu, daga farkon Nuwamba. Abubuwa uku ne ba su taɓuwa: shago, wanda da shi ake ci, azumin Litinin da Alhamis, wanda ya riƙe tun rasuwar mahaifinsa, da kuma aljihu, domin babu kuɗin agogo mai auna bugun zuciya, sai wayarsa da manhajar Strava mai auna nisan gudu a ciki. A kan waɗannan muka gina makon. Wanda zan kawo a nan shi ne na sha ɗaya, tsakiyar Janairu, hunturu na kan ganiyarsa.

Daga Litinin zuwa Juma'a

Litinin babu gudu. Yana azumi, kuma ƙafafunsa na ɗauke da gajiyar ƙarshen mako. Bayan Isha'i, ya ci ya sha, sai ya yi aikin minti ashirin a tsakar gida: ya hau dakali ya sauko da ƙafa ɗaya a hankali yana ƙirga huɗu kafin diddige ya taɓa ƙasa, sau 12 kowace ƙafa, zagaye uku. Sai tsugunno rungume da jarkar ruwa. Na kuma ce duk lokacin da yake asuwaki ya tsaya da ƙafa ɗaya, don idon sawu ya koyi riƙe kansa. Yaransa sun mayar da wannan abin dariya, suna jeruwa a bayansa kamar zalɓe.

Talata ce ranar wuta. Ana idar da Asuba yake fita, da hular sanyi da safar hannu, domin sanyin Jos a wannan lokaci yakan sauka kusan digiri 10. Minti ashirin na sassarfa don jiki ya yi ɗumi, sai wani tudu da muka zaɓa: ya haura da ƙarfi na minti uku, ya sauko da tafiya, sau takwas. Duka kilomita 11.

Laraba kilomita 9 ce a hankali, kuma ita ta fi ba ni wahalar koyarwa. Mai gudun kwalta na da wata cuta, kowace rana sai ya yi gudu mai matsakaicin zafi, bai kai ya ƙara masa ƙarfi ba, bai kuma yi sanyin da zai bar jiki ya huta ba. Na ce masa ma'aunin shi ne baki: in ba zai iya ba ni labarin kwastoman da ya karɓi kaya ya ƙi cika kuɗi ba tare da haki ba, to ya yi sauri. Ranar da wasu dattawa biyu suka wuce mu suna hira, na ga ƙafarsa na ƙaiƙayi. Na riƙo rigarsa.

Alhamis sai da muka yi gwaji kafin mu dace. Da farko bayan sahur da Asuba yake fita, amma kafin azahar maƙoshi ya bushe, kai na sarawa, har ya taɓa ɗinke hannun riga a juye. Sai muka mayar da gudun zuwa minti arba'in kafin Magariba, kilomita 6 a sanyaye, hanyar ta ƙare a ƙofar gidansa inda dabino da ruwa ke jira. Ban taɓa ce masa ya ajiye azumin ba, ba hurumina ba ne. Abin da na hana shi ne aiki mai nauyi a ranar.

Juma'a hutu ne cikakke. Masallaci, shago, abinci mai kyau da dare, barci da wuri.

Asabar

Duk makon don wannan ranar aka tsara shi. Tela ya so a sa dogon gudun ranar Lahadi, tunda gari shiru ne kuma ba a cika zuwa karɓar ɗinki ba. Na ƙi. Wanda ya kwashe awa huɗu a kan dutse ranar Lahadi, ya wayi gari Litinin da azumi, ya hana jikinsa abinci a daidai lokacin da naman jiki ke neman abin gyara. Asabar kuwa ranar biki ce, ranar da mata ke tsaye a bakin shago suna jiran anko. Muka yi sulhu: yaron shago zai buɗe, duk kayan Asabar a gama su a goge tun daren Alhamis, Tela ya dawo kafin sha ɗaya.

Ba ya zuwa shi kaɗai. Mu uku ne a motata, kuma duk zuwa sai mun tsaya mun gaisa da manoman Afizere da ke gindin dutsen, su san da mu a sama. Mun zaɓi wani hayi da hawansa ya kai kusan mita 300, muna hawa muna sauka sau huɗu. In an haɗa da hanyar shiga da fita, ranar ta ba shi kilomita 24 da hawan kusan mita 1,400, cikin awa huɗu da minti ashirin.

Rigimar farko a kan tafiya ce. Inda hayin ya miƙe sosai na ce ya daina gudu, ya dafa gwiwoyinsa da hannu ya rinƙa turawa yana taku mai faɗi. Ya ce, "Haba Malam, ni gudu na zo yi, ba kiwo ba." Ban ja da shi ba. Na ce ya yi gudunsa, ni zan taka. Muka isa sama kusan tare, shi yana numfashi kamar zugazugin maƙera, ni ina iya magana. A wuri mai tsananin tsayi gudu ba ya ƙara sauri sai dai ya ƙona ƙarfi, kuma su kansu zakarun Dutsen Kamaru takawa suke yi a irin waɗannan wurare. Daga ranar bai sake musu ba.

Amma ainihin aikin yana gangara. Abin da ya zaunar da shi a sallar Asuba ba hawan ba ne, saukowar ce. Lokacin hawa, naman gaban cinya na tsukewa ne ya ɗaga mutum. Lokacin sauka kuwa birki yake zama: yana miƙewa alhali nauyin jiki na danna shi, kamar igiyar guga da ake saki a hankali da cikakken ruwa. Wannan ne ke yi wa zaren naman ƙananan yagewa, shi ya sa ciwon ba ya zuwa nan take sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Daɗin abin shi ne jiki na koyo. In ya sha wannan wahalar ya warke, karo na gaba ɓarnar ba ta kai ta farko, kuma kariyar takan ɗauki makonni. Gudun kwalta, komai yawansa, ba ya koyar da wannan. Shi ya sa mutum zai gama Legas lafiya, tudu ɗaya ya kwantar da shi.

Saboda haka da awo muka ba shi gangaren, kamar magani. Makonni ukun farko da tafiya yake saukowa. Daga nan gangare ɗaya da gudu, sauran da tafiya. A mako na sha ɗaya uku cikin huɗu yake gudu, kuma na ƙarshen, lokacin da ƙafa ta riga ta yi laushi, shi ne nake so ya fi kula da shi, domin a Buea duk saukowar da gajiyayyar ƙafa za a yi ta.

Na tsaya a gefe ranar ina kallonsa yana saukowa wani wuri mai tsakuwa. A da, jikinsa yake ja baya, ya miƙe ƙafa gaba ya daki ƙasa da diddige, kowane taku kamar ana buga turmi, idonsa a kan yatsunsa. Yanzu takun ya gajarce ya yi yawa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙirji na bin gangaren maimakon gudunsa, hannaye a buɗe kamar mai tsallaka rafi a kan gungume, ido kuma taku uku ko huɗu a gaba. Tsakuwa ta zame masa sau ɗaya, bai yi ƙoƙarin tsayawa cak ba, ya bi ta ya ɗora ɗayar ƙafar. Sautin ma ya canja, daga dim-dim ya koma caf-caf. Da ya iso ya ce wai ji yake kamar yana ɗinkin surfani, allura ƙanana-ƙanana. Na ce ya riƙe wannan misalin, ya fi duk bayanina.

Sai ciki. Abin da jiki ke ajiyewa na sukari ba ya wuce aikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki da ƙarfi, daga nan sai mutum ya ji an zare masa lantarki. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa. Ba mu nemi kayan kanti ba. Busasshen dabino takwas ya kai kusan giram 40, sai ƙananan dankalin turawa da uwargida ke dafawa da gishiri ta ƙulle a leda, abin da Filato ba ta rasa ba. Ƙa'idar ita ce ya ci kafin yunwa ta zo, duk rabin awa. Ya gwada ƙuli-ƙuli sau ɗaya, ya tsaya masa a ƙirji, muka cire.

Ruwa kuwa hunturu ke yaudarar mutum a kansa. Iska a bushe take, zufa na ƙafewa kafin a gan ta, sai ka ɗauka ba ka yi gumi ba. Na sa ya hau sikeli kafin mu fita da bayan mun dawo. Ranar farko kilo biyu ya ɓace, kuma kowane kilo kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Tun daga nan gora biyu yake ɗauka, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan gishiri da sukari.

Takalmi a gwanjo muka samo, mai haƙora a ƙasa, ya ɗan fi ƙafarsa girma don yatsu su samu wurin motsi a gangara. Tsohon nasa na kwalta ƙasansa ya shafe kamar tafin hannu.

Lahadi kilomita 10 ce a hanyar burji, a hankali, da ƙafar da ba ta gama hucewa ba. Jimillar makon: kilomita 60, hawan kusan mita 2,000, wajen awa tara a kan ƙafa.

Makon da ya rushe

Kada a ɗauka duk makonnin haka suka tafi sumul. Tsarin shi ne mako uku ana ƙari, na huɗu a rage kashi ɗaya cikin uku. Disamba ta watsa wannan. Ɗinkin Kirsimeti da na bukukuwan ƙarshen shekara suka taru, Tela na kan keke har ƙarfe biyun dare, kuma ya tashi Asuba ya fita gudu bai faɗa mini ba. Abin da ya tona shi shi ne littafin. Na sa shi ƙirga bugun zuciyarsa na minti ɗaya kullum kafin ya sauko daga gado. Ya saba rubuta 54 ko 55. Sai na ga 61, 63, 63 a jere, ga mura, ga idon sawun dama ya fara tsami. Na soke Talata da Asabar na wannan makon gaba ɗaya. Ya ji haushi ƙwarai, yana ganin an ci shi baya. A ganina jiki bai san bambancin gajiyar keke da ta dutse ba, asusu ɗaya ake cira. Kwana tara aka yi kafin lambar ta koma 55.

A mako na sha uku ya yi mafi girman Asabar ɗinsa, kilomita 28 da hawan kusan mita 1,900. Washegari ya yi alwala a tsugune. Daga nan muka rinƙa ragewa har ranar tafiya.

Abin da ya faru a Buea

Ban bi shi ba, makaranta na ciki. Ya isa ana jibi tsere, domin kuɗin masauki da rufe shago ba su ba shi damar fin haka ba. Da daren ranar tseren ya kira ni.

Ya ce kwaltar farko ta ja shi, ya ga abin da ya saba, ya saki ƙafa fiye da yadda muka yi magana. Duk da haka ya wuce kurmi da bukka ta ɗaya lafiya, ya kai ta biyu, wadda ke sama da mita 2,800, ƙafarsa da sauran ƙarfi. Daga nan ne kai ya fara sara masa kamar an ɗaure shi da kyalle an murɗa, zuciya na tashi, dabino ya ƙi wucewa, taku goma sai ya tsaya. Da ya ga ya fara tangaɗi, sai ya tuna alkawarin da muka yi cewa in haka ta faru zai haƙura, ya juyo kafin bukka ta uku. Bai ga ƙololuwa ba.

Saukowar kuwa ta zame masa abin mamaki. Yana yin ƙasa kan na sakinsa, ƙafar kuma ta yi abin da aka koya mata. Ya wuce mutanen da ke saukowa da baya-baya suna dafe da cinya, wasu ma da zama suke jan jiki a kan tsakuwa. Washegari ya sauka matakalar masaukinsa ba tare da ya riƙe ƙarfe ba. Farce ɗaya ne ya yi baƙi.

Shi har yanzu yana ɗora laifin a kan karin kumallon da ya ci a can, wai bai saba da shi ba. Ni ban yarda ba, kuma kaso mafi girma na laifin nawa ne. Ciwon da ya kwatanta na tsayi ne, wanda yakan fara kama mutane daga kusan mita 2,500. A mita 4,000 nauyin iska kusan kashi 60 cikin 100 ne na abin da ke bakin teku, kowane numfashi na kawo oksijin kaɗan, kuma ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan. Na yi zaton zaman Jos zai ishe shi, alhali bai taɓa taka ƙasar da ta wuce mita 1,800 ba. Kuskure na biyu yana cikin Asabar ɗin da nake alfahari da ita: hawanmu mafi tsawo bai wuce minti 35 ba sai gangara ta zo ta ba huhu hutu, shi kuwa Dutsen Kamaru awanni ake yi ana hawa babu sassauci. Na gyara abin da na gani ya kwantar da shi a Shere, ban shirya wa abin da Shere ba za ta iya nuna mini ba.

A sabon shafin littafin awon, Litinin, Laraba, Alhamis da Juma'a suna nan yadda suke. Talata ta koma hawa huɗu na minti goma-goma a maimakon takwas na minti uku. Asabar biyu a wata za mu tashi tun daga bakin gari mu haura Shere a miƙe, jaka a baya, ba tsayawa. A ƙasan shafin kuma ya rubuta da hannunsa adashin da ya shiga, wanda kwasarsa za ta faɗo a Janairu, don ya isa Buea da kwana takwas a hannu, ya ɗauki ɗan jagora ya hau har bukka ta biyu ya kwana kafin ranar tsere. Batun karin kumallon bai janye ba: ya ce wannan karon da garin kununsa zai tafi.